Yadda Masu Sinima Suka Koyi Neman Izinin Hanya

Duk wanda ya taɓa zama gaban majigi, ko ya shiga gidan sinima, ya ga irin wasan nan da a ke nuna mota ta bi mota a guje cikin tsakiyar birni, mutane suna watsewa dama da hagu. Mai kallo ya kan yi tafi, ya koma gida yana ba da labari. Amma da wuya ka sami wanda ya tsaya ya tambayi kansa, shin titin nan da aka yi wasan a kansa na wane ne? Wa ya ba da umurni a tsai da masu wucewa? In kuwa motar ta ƙwace ta take wani bawan Allah da ya fito neman abincinsa, wa zai biya diyya?

A manyan biranen duniya amsar tana cikin takardu biyu. Ta fari takardar izini ce daga hukumar da ke riƙe da titin. Ta biyu takardar inshora ce, watau shaidar cewa akwai kamfanin da ya ɗauki lamunin biyan ɓarna in ta auku. Takardun nan ba rana ɗaya aka tashi da su ba. Sai da aka yi shekaru fiye da ɗari ana ja-in-ja, aka yi hasarar dukiya, har da ta rai, kafin su kai yadda su ke. Ga yadda abin ya faru.

Zamanin da ba a tambayar kowa

Sinima tun tana jaririya a kan titi ta buɗe ido. Cikin 1888 wani Bafaranshe mai suna Louis Le Prince, mazaunin birnin Leeds a Ingila, ya kafa na'urarsa a tagar wani bene, ya ɗauki hoton kekunan dawaki da masu tafiya a ƙasa suna ƙetare gadar garin. Hoton bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba, amma yana cikin hotuna masu motsi na farko a duniya. Ran 28 ga Disamba, 1895, waɗansu 'yan'uwa biyu da a ke kira Lumière suka nuna wa jama'a sinima a Faris, kowa ya biya kuɗin shiga. Daga nan suka aika da yaransu ƙasashe dabam dabam su ɗauko musu hotunan kasuwanni da tituna.

A lokacin nan mai ɗaukar hoto ba ya tare wa kowa hanya. Mutum ɗaya ne da akwatinsa, ya tsaya a gefe yana juya hannun na'ura, duniya na wucewa ta gabansa. Akwai wani hoto da aka ɗauka a San Francisco ta Amurka cikin Afrilu 1906, 'yan kwanaki kafin girgizar ƙasar da ta rushe birnin. An ɗaura na'urar ne a goshin taragon da ke bin tsakiyar babban titin garin. Wanda ya kalle shi zai ga motoci da dawaki da yara da tsofaffi suna gitta juna yadda suka ga dama. Titin kansa ba shi da wata doka sosai tukuna, balle a yi maganar dokar ɗaukar hotonsa.

Al'amari ya fara sakewa sa'ad da masu sinima suka daina ɗaukar abin da suka tarar, suka koma shirya abin da su ke so a gani. Cikin 1912 aka kafa kamfanin Keystone a Los Angeles, wanda ya yi suna da wasannin ban dariya na 'yan sandan ƙarya masu cika mota suna bin ɓarawo a guje. A titunan garin a ke yin da yawa daga guje-gujen nan. To, ka ga mai hoto ya tashi daga ɗan kallo ya zama mai aiki da hanya, kamar magini da ya zube tubalinsa a ƙofar gidan maƙwabci.

Daga 1927, da sinima ta fara magana, sai aka ɗan sami sauƙi. Na'urar ɗaukar murya ba ta rarrabe maganar ɗan wasa da kukan mota ko haushin kare, saboda haka manyan kamfanoni suka koma cikin gidajensu, suka gina titunan katako a farfajiya, suna yin abin da su ke so ba mai cewa kanzil. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu na'urori suka rage nauyi, masu kallo kuma suka fara son ganin gari na ainihi, sai aka sake fitowa waje. Cikin 1948 aka fito da wasan Italiya na mutumin da aka sace wa keke, wanda Vittorio De Sica ya shirya a titunan birnin Rum. A wannan shekara kuma aka fito da The Naked City, wanda aka ɗauka a titunan New York, wani lokaci ma da na'ura ɓoye cikin mota don kada masu wucewa su gane su taru.

Ƙofa hamsin ta koma ɗaya

Yanzu dai ba mutum ɗaya ba ne da akwati. Rundunar mutane ce da manyan motoci, da fitilu, da wayoyin lantarki shimfiɗe a ƙasa. Dole hukuma ta sa baki. Amma a New York sa bakin ya yi yawa har ya zama cuta. Ko wane ofis yana da tasa takarda: na 'yan sanda daban, na hanyoyi daban, na lambunan gari daban, na masu kashe gobara daban. Wasa ɗaya ya kan bukaci takardu har wajen hamsin. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda ƙofofi suka yi yawa, masu miƙa hannu a bakin ƙofa su ma su kan yi yawa, kuma masu sinima na lokacin sun sha kuka da toshiyar baki. Sai suka riƙa guje wa birnin, aiki da kuɗi suka bi su.

Cikin 1966 Magajin Garin New York, John Lindsay, ya kafa ofis guda a ƙarƙashinsa don wannan aiki. Takarda ɗaya ta isa ga dukan birnin. Aka keɓe wani rukuni na 'yan sanda waɗanda aikinsu shi ne tsayawa wurin ɗaukar hoto su kula da motoci da jama'a. Har wa yau ya hana ma'aikatan gari su riƙa tsoma baki cikin labarin wasan, domin abin da ya shafe su shi ne titi. Wannan dabara ta yi amfani ƙwarai, masu sinima suka komo, birane da yawa a Amurka da waɗansu ƙasashe suka kwaikwaya.

Masu ganganci

Sauƙaƙa takarda bai hana waɗansu yin gaban kansu ba. Cikin 1971 aka fito da The French Connection, wanda William Friedkin ya shirya. A ciki akwai inda ɗan sanda ya ƙwaci mota ya bi jirgin ƙasa da ke gudu a kan gada bisa titi, a unguwar Brooklyn. Friedkin da bakinsa ya faɗi daga baya cewa ba su nemi izinin da ya kamata ba don wannan gudu. Bisa ga faɗarsa, direbansu ya taka mota har mil 90 a awa cikin unguwar da mutane ke harkokinsu, shi kuwa yana kujerar baya riƙe da na'ura, domin masu ɗaukar hotonsa suna da mata da 'ya'ya. Ka lura, ya tuna da iyalin ma'aikatansa, amma mutanen da ke kan titin su ma ai suna da iyali. An ma yi karo da motar wani mutumin unguwar da bai san abin da a ke ciki ba, kamfanin ya biya gyara. Wasan ya sami babbar lambar girma ta sinima a Amurka, amma da Friedkin ya tsufa ya sha faɗin cewa abin da ya yi ba daidai ba ne, kuma ba zai sake ba.

Cikin Agusta 1976 wani Bafaranshe, Claude Lelouch, ya ɗaura na'ura a gaban motarsa da asuba, ya ratsa Faris a guje cikin minti takwas da 'yan kai, yana keta jar fitila ɗaya bayan ɗaya, ba izini, ba a rufe titi ko ɗaya ba. Akwai wata mararraba kusa da gidan tarihi na Louvre inda direba ba ya iya hango abin da ke zuwa. Nan ya ajiye mutum ɗaya da 'yar wayar iska ta hannu don ya gargaɗe shi. Bayan an gama aka tarar ashe wayar ba ta aiki. Ba wanda ya mutu ran nan, amma ba dabararsa ce ta hana ba, sauran kwana ne kurum. Abin lura, cikin Mayu 2020, da mutumin nan ya so ya sake irin wannan wasa a Monako, sai da hukuma ta rufe titunan, aka kuma ba gwanin tseren motoci tuƙi.

Asalin takarda ta biyu

To, mene ne inshora? Mu ɗauki misalin adashi. A adashi kowa na zubi, kowa kuma yana da ranar ɗauka. A inshora kowa na zubi, amma ba mai ɗauka sai wanda tsautsayi ya faɗa wa. Da haka hasarar da za ta karya mutum ɗaya ta kan rarrabu a kan mutum dubu, ba wanda ya ji nauyinta. Fataken teku ne suka raya wannan sana'a. Wajen 1688 wani mai suna Edward Lloyd yana da shagon shan gahawa a Landan inda masu jiragen ruwa da attajirai ke taruwa. Mai jirgi ya kawo takardar kayansa, attajirai su sa hannu a ƙasa, kowa ya faɗi rabon da zai biya in jirgin ya nutse, a ba shi lada a kan haka. Kasuwar inshorar da ta tsiro daga shagon nan har yanzu da sunan Lloyd a ke kiranta.

Mota ce ta kawo inshora kan titi. Da motoci suka yawaita, sai aka riƙa samun direban da ya naƙasa mutum, alƙali ya yanke diyya, a duba a tarar ba shi da ko anini. Saboda haka cikin 1930 Majalisar Dokokin Ingila ta wajabta wa duk mai mota ya yi inshorar da za ta biya wanda ya ji wa ciwo. A Nijeriya ma an yi irin wannan doka cikin 1945, ita ce asalin takardar nan da direbobi ke ajiyewa tare da lasisinsu. Hikimar dokar ita ce, wanda ya kawo abu mai haɗari cikin jama'a, ya fara nuna inda diyya za ta fito tun kafin a bukace ta.

Wannan hikima ce hukumomin birane suka ɗora wa masu sinima. A New York ƙa'idar ita ce mai neman izini ya kawo shaidar inshorar da ba ta kasa dala miliyan 1 ba a kan ko wane haɗari guda, a kuma rubuta sunan birnin a cikin waɗanda inshorar ta rufe. Dalilin sa sunan birni kuwa shi ne, wanda waya ta harɗe ya faɗi ya karye, ba kamfanin sinima kaɗai zai kai ƙara ba, har da hukumar da ta ba da titin. In ba a yi haka ba, kuɗin harajin talakawa ne zai biya ɓarnar da wani ya yi wajen neman ribarsa.

Kada mai karatu ya ga kamar dala miliyan ta yi yawa. Cikin Satumba 2010 ana ɗaukar wani babban wasa a kan wata hanya a jihar Indiyana, sai wani ƙarfe ya ɓalle daga motar da a ke ja, ya fasa gilashin gaban motar wata budurwa da aka ɗauka don cika fage, ya same ta a kai, ta naƙasa. Cikin 2012 aka daidaita a kan diyyar dala miliyan 18 da rabi. Wannan kuwa a hanyar da aka shirya domin aikin ke nan. Ina ga inda ba a shirya kome ba?

Landan da dokar rufe titi

Matsalar Landan ta sha bamban da ta New York. Birnin ya kasu gunduma 32, ga kuma tsohon birni na tsakiya mai tasa hukuma, sa'an nan manyan hanyoyi suna hannun hukumar sufuri. Bayan wannan, dokokin hanya sun faɗi dalilan da za a iya rufe titi dominsu, kamar gyara ko tsere ko biki, amma ba su ambaci sinima a fili ba. Saboda haka shekara da shekaru da lallashi a ke aikin. Cikin 2001, da Danny Boyle ya so ya nuna Landan wayam ba kowa a wasansa 28 Days Later, sai da suka riƙa fitowa da sassafe, a tsai da motoci na 'yan mintoci kaɗan, a kafa ƙananan na'urori da yawa su ɗauka gaba ɗaya, a yi maza a saki hanya.

Cikin 2008 Majalisa ta yi dokar da ta ba hukumomin Landan ikon rufe titi saboda ɗaukar sinima. Lardin Kent ya nemi tasa ya samu cikin 2010, Hertfordshire kuma cikin 2014. Abin koyi a nan shi ne, hukuma kanta ba ta da ikon hana talaka bin hanya sai doka ta ba ta, ko da kuwa mai roƙon attajiri ne.

Mai ƙaramin ƙarfi fa?

Akwai wani gefe na wannan tarihi da bai kamata a manta ba. Dokar da aka yi don giwa, in ba a lura ba, ta kan danne ɗan tsako. Cikin Mayu 2005 wani mai shirya sinima daga Indiya, Rakesh Sharma, yana tsaye gefen titi a New York da 'yar na'urarsa ta hannu yana ɗaukar hoton motocin haya, sai 'yan sanda suka tsare shi sa'o'i suna yi masa tambayoyi. Daga baya ya nemi izini aka hana shi. Ya kai ƙara cikin 2006, sai ta bayyana cewa ofishin da ya yi shekara arba'in yana ba da izini ba shi da rubutacciyar ƙa'ida ta wanda za a ba da wanda za a hana. Aka daidaita a kan lalle a rubuta.

Da aka fito da daftarin farko cikin 2007, sai ga shi ya ce mutum biyu ko fiye da suka wuce rabin awa a wuri ɗaya da na'ura, ko mutum biyar da suka kafa maɗori mai ƙafa uku fiye da minti goma, sai sun nemi izini sun kawo inshorar dala miliyan. Jama'a suka yi ca, suka ce ashe ɗalibi da baƙo mai yawon buɗe ido su ma sun zama kamfani ke nan. Hukuma ta janye, ta sake rubutawa. Ƙa'idar da aka tabbatar cikin 2008 ta bar mai na'urar hannu ya yi aikinsa ba takarda, muddin bai kame wuri ya hana jama'a wucewa ba. Aka kuma buɗe ƙofar yafe inshora ga wanda ya nuna ba shi da halin biya, in aikinsa ba mai haɗari ba ne. Watau ma'aunin ya koma kan tare hanya da jawo haɗari, aka daina auna mutum da na'urar da ke hannunsa.

Ranar da aka ce a'a

Takardar izini ba ta da daraja sai in ana jin maganar mai ba da ita sa'ad da ya hana. Ran 20 ga Fabrairu, 2014, masu shirya wani wasa mai suna Midnight Rider suka hau gadar jirgin ƙasa a kan kogin Altamaha, a jihar Jojiya ta Amurka, suka ɗora gadon ƙarfe a kan dogo don ɗaukar hoto. Kamfanin jirgin ya riga ya hana su izini, amma shugabannin aikin suka ci gaba, ƙananan ma'aikata kuwa suna zaton kome na bisa ƙa'ida. Jirgin kaya ya taho, ba wurin gudu a kan gada. Wata budurwa mai shekara 27, mataimakiyar mai ɗaukar hoto, ta rasu, waɗansu suka ji rauni. Cikin 2015 mai shirya wasan, Randall Miller, ya amsa laifinsa gaban shari'a, aka yanke masa shekara goma, biyu a kurkuku, sauran a ƙarƙashin sa ido. Wannan hanyar jirgi ce, ba ta mota ba, amma darasin ɗaya ne. Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, sai dai a nan wadda ta biya da ranta ba ita ce ta ƙi ji ba.

Abin da takardar ta ƙunsa

Wanda ya duba takardar izini ta irin waɗannan birane zai ga duk tarihin nan a cikinta. Ana rubuta sunan titi, da rana, da sa'ar farawa da ta tashi, da yawan motocin da za a ajiye. Ana tambaya ko za a fito da bindigar wasa ko tufafin 'yan sanda, don a turo ɗan sanda na gaske ya tsaya, kada wani ya gani ya ɗauka fashi a ke yi. Ana sanar da mazauna unguwa da masu kantuna tun da wuri. Ana barin hanyar masu ƙafa da ta motar kashe gobara. A ƙarshe akwai sunan mutumin da za a kama in an saɓa, da na kamfanin da zai biya in an yi ɓarna.

Wannan magana ba ta Turawa kaɗai ba ce. Tun daga 1990, da aka fito da Turmin Danya a Kano, sana'ar shirya wasannin Hausa ta bunƙasa, kuma da yawa a unguwanni da kan tituna a ke ɗaukarsu. Yanzu kuwa da wuya ka ga saurayin da ba ya yawo da na'urar ɗaukar hoto a aljihunsa, cikin wayarsa. Saboda haka tambayoyin da New York da Landan suka yi fama da su namu ne mu ma.

Abin da muka gani a tarihin nan uku ne. In ƙofofin izini suka yi yawa, cin hanci ya kan shiga, mutanen kirki su gudu. In ba rubutacciyar ƙa'ida, mai ƙaramin ƙarfi shi ke shan wuya a hannun ma'aikaci. In kuwa aka yi watsi da izinin ɗungum, wanda bai ci ba bai sha ba shi ke biya da jikinsa. Hanya ta kowa ce, ta mai mota da mai jaki da makaho da ɗan makaranta. Wanda ya ke so ya are ta na yini ɗaya don sana'arsa, sai ya tambayi masu riƙe da ita, ya kuma nuna abin da zai biya da shi in aron ya lalace a hannunsa. Mutanen da sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Allah ya kiyashe mu da tsautsayi.